Daren Da Kwamfutata Ta Koma Lissafi

Mai karatu, idan kana cikin masu neman abinci da rubutu, ka san akwai wani irin tashin hankali da ba a faɗa wa kowa, domin ko ka faɗa dariya za a yi maka. Wato ka zauna gaban kwamfuta, labari ya taho maka kamar an buɗe famfo, ka danna harafi, sai wani abu daban ya fito. Ni wannan ya same ni a watan Disamba na 2016, kuma har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni. Kuɗin da na kusa yin asara tuni na mance da su. Abin da ya kasa fita daga raina shi ne wata magana da na yaɓa wa wadda ba ta ji ba ba ta gani ba.

A lokacin ina rubuta wa wani furodusa labarin fim, sin saba'in da 'yan kai. Mun yi da shi zan miƙa aiki ranar Litinin, domin ranar Laraba za su fita lokeshan. An riga an kama gidan da za a yi aiki, an ba 'yan wasa kafin alƙalami. Rabin kuɗina na karɓa tun watan Nuwamba na biya haya, ragowar rabin kuwa shi na ƙwallafa wa rai saboda kuɗin makarantar yara a Janairu. Duk wanda ya san harkar nan ya san idan ka saɓa wa furodusa sau ɗaya, kafin la'asar labari ya zaga Titin Gidan Zoo cewa wane ba ya cika alkawari. Daga nan kuma sai ka ga waya ta daina shigowa.

Kwamfutar da nake aiki da ita 'yar ƙaramar tafi-da-gidanka ce, gwanjo na saye ta, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Daren Juma'a, bayan sallar isha, ina tsakiyar sin na hamsin da takwas sai aka ɗauke wuta. Na laluba cikin duhu na rage hasken sikirin don batir ya ƙara jimawa, na ƙarasa layin da ke bakina a gurguje, na ɗauki jarka na fita neman man janareta. Da na dawo sai na tarar da 'yata, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata ta ci, zaune a gaban kwamfutar. Shekarunta tara a lokacin. Ni da kaina na buɗe mata fayil nata, na ce idan ta gama aikin makaranta ta riƙa koyon danna haruffa. Tana ganina ta miƙe tsam, kamar mai jin tsoron wani abu.

Na ta da janareta, na zauna. Jarumin labarin zai ce da jarumar “ina son ki”. Na buga. Abin da ya bayyana shi ne “5na s6n 25”. Na goge na sake, haka. Na rubuta “kuka”, aka ba ni “242a”. Na rubuta “littafi”, aka ba ni “35ttaf5”. Na kashe kwamfutar na kunna, ba ta sake zane ba. Gumi ya karyo mini cikin sanyin hunturun nan.

Ban tsaya tunanin komai ba na juya kan yarinya. Na ce, “Me kika taɓa?” Ta ce, “Wallahi Baba ban taɓa komai ba, haka na same ta.” Na ce ƙarya take yi. Na ce da ma hannunta ba ya taɓa abu ya zauna lafiya, kuma daga yau kada in sake ganin ta ko kusa da teburin nan. Uwargida ta leƙo ta ce, “Baban Ummi, a bi a hankali mana.” Na ce ita ma ta fita idona in rufe. Yarinya ta shige ɗaki ba ta ƙara cewa uffan ba. Ni kuma na kwana ina rubutu da biro a littafin 'yan makaranta, ina huci ni kaɗai.

Gari na wayewa na saɓi kwamfuta sai kasuwar masu gyara. Shagon farko, yaron ko minti ɗaya bai yi da ita ba ya ce bairos ne, sai an yi mata fomatin, in bar ta in dawo Litinin da yamma. Gabana ya faɗi, domin rabon da in kwafe aikin a filash tun ina sin na talatin. Na karɓi kayata na yi gaba. A shago na biyu aka ce kibod ɗin ne ya mutu, ƙurar hunturu ta cinye shi, sabo naira dubu tara, kuma sai an aika an nemo irinsa. Ba ni da zaɓi. Har na sa hannu a aljihu, mai shago ya ɗauko sukundireba zai fara kwance ta, sai wani dattijo da ke zaune a kan benci yana shan shayi ya ce, “Malam, wai waɗanne haruffa ne suke yi maka haka?”

Tun daren jiya ba wanda ya yi wannan tambaya, har da ni kaina. Na ce, “Baba, ai duka ne.” Ya ce, “Anya? Buga mini a, b, c, har ƙarshe mu gani.” Na buga. Ashe guda bakwai ne kawai suke ba da lamba: u, i, o, j, k, l da m, sai p da ke fito da wata alama. Ya yi murmushi ya ce, “Duk na hannun dama ne ko? Matso da ita wajen haske.” Ya nuna mini gefen madannan. Sai ga wasu 'yan ƙananan lambobi masu shuɗin launi, sun kusa gogewa, waɗanda na shekara uku ina taɓawa ban taɓa lura da su ba: 4 a kan u, 5 a kan i, 6 a kan o, 1 da 2 da 3 a kan j da k da l, sifili a kan m. Ya danne madannin Fn da ɗan yatsa ɗaya, ya taɓa wanda aka rubuta Num Lock a kai da ɗayan, ya ce, “Bisimilla.” Na rubuta “ina son ki”, ta fito tar kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Mai shago ya mayar da sukundirebansa cikin aljihun tebur, ya shiga duba waya.

Dattijon nan tsohon mai tafireta ne, ya ce ya shekara da shekaru yana buga wa mutane takardu kafin ya koma bizines santa. Na miƙa masa ɗan abin goro ya ƙi karɓa. Bayanin da ya yi mini shi ne, babban kibod na kwamfutar tebur yana da rukunin lambobi a gefen dama saboda masu lissafi. Ƙaramar kwamfuta ba ta da filin wannan, shi ya sa masu ƙera ta suka ɓoye lambobin a ƙarƙashin haruffan hannun dama, suka sa Num Lock ya zama makunninsu. Ya ce, “Ita fa ba ta da laifi. Umarni aka ba ta, take bi.”

Kafin in gaya maka abin da na tarar a gida, bari in amayar maka da abin da na koya tun daga ranar, wani daga bakin dattijon, wani kuma daga wahalar da na sha ko na ga abokai sun sha. Domin na lura yawancin abin da muke kira lalacewar kibod irin wannan ne, wato umarnin da muka bayar ba mu san mun bayar ba.

Shi dai Num Lock, da yawa daga cikin sababbin ƙananan kwamfutoci sun daina zuwa da ɓoyayyun lambobin, amma tsofaffin da suka cika kasuwanninmu suna da su. Wani lokaci ma ba hannunka ne zai kunna shi ba. Idan ka jona babban kibod na waje wanda Num Lock ɗinsa ke kunne, ka cire, yakan bar maka shi a kunne. Idan ka rasa madannin, Windows yana da kibod na kan sikirin: ka nemi osk, ka shiga Options ka kunna rukunin lambobi, sai ka kashe shi daga can.

Na biyu shi ne sauyin jerin haruffa. Jerin da muka saba da shi, wanda ya fara da QWERTY, gado ne daga tafiretar Christopher Latham Sholes ɗan Amurka, wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Faransa da Beljiyam kuwa nasu ya fara ne da AZERTY, kuma shi ne 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sabawa da shi. Wani abokina marubuci daga Maraɗi ya taɓa aron kwamfutata, ya ƙara mata jerin Faransanci don ya ji daɗin aiki, ya tafi bai gaya mini ba. Bayan kwana biyu hannuna ya haɗa Alt da Shift bisa kuskure, sai na ga “Hausa” ta koma “Hqusq”, “wata” ta koma “zqtq”, m kuma ta zama waƙafi. Ka san yadda a take da yawa a harshenmu, shafi guda sai ya koma kamar rubutun aljanu. A wannan jerin a da q sun yi musanyar gurbi, haka w da z. Maganinsa ka duba ƙasan sikirin ta dama kusa da agogo, za ka ga ENG ko FRA. Ka danna madannin Windows tare da dogon madannin tazara ka koma naka, sannan ka shiga saitin harshe ka cire wanda ba ka buƙata. Ko tsakanin jerin Ingila da na Amurka akwai irin wannan: idan ka nemi alamar @ aka ba ka alamar zance, to su ne suka sauya. Akwai kuma wani jeri mai suna United States-International da ke yi wa mai rubutun Hausa ɓarna ta musamman, domin yana ɗaukar ɗan waƙafin sama ya ɗora wa harafin da ya biyo baya. Sai ka rubuta “sana'a” ka ga “sanaá”, ka rubuta “'ya'ya” ka ga “ýaýa”.

Na uku su ne abubuwan da aka tanada don masu lalurar hannu, mu kuma muke kunna su cikin rashin sani. Idan ka danna Shift sau biyar a jere, Windows zai tambaye ka ko kana son Sticky Keys. Mai sauri sai ya amsa bai karanta ba, daga nan Shift da Ctrl da Alt su riƙa maƙalewa kamar an danne su. Idan kuma ka ɗora yatsa a kan Shift na dama na daƙiƙa takwas, kana tunanin abin da jaruma za ta ce, Filter Keys ne zai taso. Shi kuma yana iya sa kwamfuta ta yi biris da dannawar da aka yi da sauri, har ka rantse kibod ya mutu. Duka biyun a sashen Accessibility ake kashe su, ko Ease of Access a tsofaffin Windows.

Akwai madannin Insert, wanda idan ya kunnu sabon rubutu yakan riƙa cinye tsohon da ke gabansa. Akwai kuma tafin hannunka da ke gogar faifan linzami a gaban kibod, sai ka ga rubutu ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar wani layi. Shi ma Word da kansa yakan yi shisshigi, ya ɗauka Turanci kake rubutawa ya riƙa “gyara” maka kalmomi, sai an kashe masa AutoCorrect ake samun lafiya.

Sai kuma ciwon da ya zama namu mu kaɗai, wato haruffa masu ƙugiya. Tsofaffin hannu za su tuna da salon haruffan Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, waɗanda suka ceci mawallafa da jaridun Hausa a lokacin da kwamfuta ba ta san da ƙ da ɗ da ɓ ba. Dabarar ita ce an ɗora haruffan a kan madannan wasu alamomi. Shi ya sa idan ka buɗe tsohon fayil a kwamfutar da ba ta da wannan salon sai ka ga “}asa” maimakon ƙasa, “]aya” maimakon ɗaya, “~arna” maimakon ɓarna. Nan ma kibod lafiyarsa ƙalau. Yanzu haruffan suna da gurbinsu a tsarin Unicode, kuma Windows yana da jerin Hausa nasa. A cikin Word ma kana iya buga 0199 ka danna Alt da x ka samu ƙ, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ.

Ba ina nufin kibod ba ya lalacewa da gaske ba ne. Yana yi. A ƙarƙashin kowane madanni akwai 'yar roba da wani siririn ƙarfen roba mai kama da almakashi, ƙura ko ɓurɓushin ƙuli-ƙuli na iya shiga su hana shi sauka ko tashi. Wannan sai ka kashe kwamfuta, ka karkata ta, ka share da busasshen buroshi mai laushi, ka goge da auduga mai ɗan sifirit. Kada ka yi garajen ɓamɓare madanni da wuƙa, almakashin nan ba shi da wuyar karyewa. Idan shayi ne ya zube, kashe ta nan take, cire caja, cire batir idan mai ciruwa ne, ka kifa ta a buɗe ta tsane, ka ba ta aƙalla kwana biyu kafin ka kunna. Ko ta tashi, gara a kai ta a wanke, domin sukari yana bushewa ya danƙare. Idan ka ga madannai da yawa sun mutu tare a layi ɗaya, galibi siririyar wayar da ta haɗa kibod da uwar kwamfuta ce ta saki ko ta ci. Idan kuwa ka ga kibod ya yi tozo ko faifan linzami ya taso, batir ne ya kumbura daga ciki. Wannan ba abin wasa ba ne, ka daina caji ka kai a canza shi, don yana iya kamawa da wuta.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka ari kibod na waje ka jona. Idan shi ma ya yi irin shirmen, matsalar tana cikin saiti, kada ka bari a kwance maka kwamfuta. Idan shi ya yi daidai, duba Num Lock tukuna, sannan ka fara zargin kibod ɗinka. Kuma kafin komai, yi abin da dattijon nan ya sa ni: buga haruffa ɗaya bayan ɗaya, ka ga waɗanne ne, kuma me suke bayarwa. Shirmen da ke da tsari, wanda kullum harafi kaza yake ba da abu kaza, da wuya ya zama ƙura.

To, na dawo gida da azahar ina murna, na buɗe sin na hamsin da takwas don in ɗora. Idona ya sauka a kan layin ƙarshe, wanda na buga cikin duhu kafin in fita sayen mai. Abin da na so rubutawa shi ne “za ta fita”. Abin da ke wurin shi ne “za ta f5ta”. Na daɗe ina kallon wannan 5 ɗin. A kwamfutar tawa, madannin rage haske da na Num Lock maƙwabta ne a layin sama, kuma dukansu da Fn ake haɗa su. Ashe ni ne na kunna shi da hannuna lokacin da nake laluben haske, tun yarinya ba ta shigo ɗakin ba. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai na buɗe fayil ɗinta. Layi huɗu ne a ciki, duk abu ɗaya take ta ƙoƙarin rubutawa yana ƙi mata: “baba sann4 da a525”. Wato “Baba sannu da aiki”. Ta ga na kwana uku ban yi barcin kirki ba, ta so in dawo in tarar da saƙo. Shi ya sa ta miƙe a tsorace da na shigo, ta ɗauka ita ce ta ɓata.

Na kira ta. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi ƙarasowa kusa da teburin, kamar yadda na umarce ta jiya. Na ce, “Mamana, zo ki ga wani abu.” Na nuna mata layina mai 5, na nuna mata madannin, na ce, “Ni ne na yi, ba ke ba ce. Gaskiya kika faɗa mini na ƙaryata ki. Ki yafe mini.” A al'adarmu ba kasafai uba ke furta wannan ga 'yarsa ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, kalmar ta yi mini nauyi a baki. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Ba komai Baba.” Uwargida tana tsakar gida tana jin mu, ba ta ce komai ba sai da dare, inda ta ce, “Da ka tambaye ta sau biyu, da ka huta da zuwa kasuwa.” Gaskiyarta, domin yarinyar ta faɗa mini amsar tun farko: haka ta same ta.

Na miƙa aiki ranar Litinin da hantsi, aka biya ni, yara suka koma makaranta. Gyaran kwamfuta daƙiƙa biyu ya ci. Amma sai da aka yi wajen wata huɗu kafin Ummi ta sake zama a gaban teburin nan don kanta, kuma ko da ta dawo, ta daɗe tana tambaya ta kafin ta taɓa kowane madanni da ba harafi ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, don da can ba ta da wannan ɗari-ɗarin.

Yanzu ta girma, ta fi ni saurin bugu nesa ba kusa ba, kuma ita ce take mayar mini da tsofaffin fayilolina masu “}” da “]” zuwa haruffan zamani. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, amma fayil ɗin nan mai layi huɗu yana nan, na kwafe shi wuri uku. Ban gyara ko harafi ɗaya a cikinsa ba.

Allah ya saka wa dattijon nan da alheri duk inda yake. Kai kuma mai karatu, idan taka ta fara yi maka lissafi, ka ƙirga haruffan tukuna kafin ka juya ka kalli wanda ke kusa da kai.